Daren da na je kallon mai jita a Dublin

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya Kano, ya iyali, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ji saƙonka na murya tun ran Talata ina bakin aiki, da wannan ƙorafin naka wai kullum labarina ɗaya ne, daga asibiti sai gida daga gida sai asibiti. To yau dai ka gyara zama, akwai labari, kuma ya fi ƙarfin WhatsApp shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Kallon waƙa na je. E, ni ɗin. Kar ma ka fara, na san ustazancinka zai motsa, lemo na sha kuma sallolina duk na yi su kafin in fita, don ka san a watan Disamba a nan ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, kafin shida da rabi an gama da isha'i, dare kuma ga shi nan zuƙeƙe ba ka san yadda za ka yi da shi ba. Wani abokin aikina ne ɗan asalin garin, matarsa ba ta samu zuwa ba, ya ce tikitin kar ya tafi a banza in zo mu je. Wurin sunansa Vicar Street, a kan titin Thomas, cikin tsohuwar unguwar Liberties, ba nisa da kamfanin Guinness, har in iska ta kaɗa kana jiyo ƙamshin sha'ir ɗin da suke gasawa. Ba wani makeken wuri ba ne, mutum dubu da 'yan kai yake ci, duk inda ka zauna kana ganin fuskar mawaƙin.

Mawaƙin Glen Hansard sunansa. Na san ba ka san shi ba, ni ma sai a bas abokin nawa ya dinga ba ni tarihinsa har muka sauka. Haifaffen 1970 ne, ɗan Ballymun, unguwar talakawa ce a arewacin Dublin, kuma yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya ɗauki jita ya koma bakin titin Grafton yana waƙa ana jefa masa kwabbai. Wannan ka riƙe shi, don duk abin da na gani a daren daga nan ya samo asali. A 1990 ya kafa ƙungiyarsa ta makaɗa The Frames, sai a 2007 aka fitar da wani ɗan ƙaramin fim mai suna Once, wanda aka yi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, shi ya fito a mai waƙar bakin titi, wato kusan rayuwarsa ce, tare da wata yarinya 'yar ƙasar Cek mai kiɗa piyano, Markéta Irglová, kuma waƙar da suka yi a ciki ta je Amurka ta ciyo Oscar, babbar lambar yabo ta fina-finai, a 2008. To ka ji mai Oscar, amma da ya fito ba sanarwa ba hayaƙi ba komai, tafiyarsa kawai ya yi zuwa gaban makirfo da tsohuwar riga, gemu ja furfura ta cinye rabi, ya ɗaga wa mutane hannu.

Jitar tasa ita na fara kallo. Wallahi huji ne a jikinta, ba ramin da ake yin ta da shi ba, wani daban a ƙasansa inda hannunsa ya yi shekaru yana duka har katakon ya cinye, kana hango 'yan sandunan da ke riƙe da ita daga ciki. Na tambayi abokina ko kuɗin sabuwa ne babu, ya yi dariya ya ce in jira in gani.

Ya fara a hankali, murya can ƙasa, har sai da na miƙa wuya don in ji. Ana cikin haka ban san lokacin da abin ya juya ba, sai ga mutum ya rufe ido ya ja baya daga makirfo, jijiyoyin wuya duk sun tashi, fuska ta yi jajir, yana dukan jitar nan yana buga ƙafa a katakon dandamali har ina jin bugun a ƙirjina, muryar ta cika ɗakin ta ko'ina, kuma ba ihun banza ba ne don ko kaɗan bai kauce wa karin waƙar ba. Kafin ka ce me ya sake sauka ƙasa ya koma raɗa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke tana lilo, ko kallonta bai yi ba ya ƙarasa da sauran. Ni a ganina titin ne bai bar jikinsa ba har yau. Wanda ya koyi waƙa a inda ba lasifika, ga ruwan sama ga mutane kowa na sauri zai wuce, dole ya koyi yadda zai tsayar da wanda bai yi niyyar tsayawa ba, kuma haka yake yi mana, mu da muka riga muka biya muka zauna ba inda za mu je, yana waƙar ne yadda ka san in ya sassauta za mu tashi mu tafi. Mutum ya haura hamsin, ya samu suna ya samu kuɗi, ba wanda zai tuhume shi in ya lallaɓa, amma kafin rabin wasa rigar ta jiƙe sharkaf.

Ba wai komai ne ya burge ni ba fa. Yana da surutu, tsakanin waƙa da waƙa sai ya ɗauko labari ya yi ta ja, kuma Turancin mutanen arewacin Dublin in suka saki baki ni da na daɗe ina jin sa a wurin marasa lafiya ma rabi nake kamawa, sai in ga kowa ya fashe da dariya ni ina zaune ina murmushin kara. Akwai kuma wasu waƙoƙin soyayya masu sanyi da ya jero a tsakiya waɗanda gaskiya hankalina ya tafi kan aikin safe da ke jirana.

Amma ƙarshen, kai. Ya cire wayar jitar, ya bar makirfo ya tako har bakin dandamali, ya fara wata tsohuwar waƙarsu ta gidan yarin Mountjoy, wanda ke bakin Royal Canal a nan cikin gari, ba kiɗa ba komai sai murya tsura. Mutanen da tun ɗazu suke kurɓar giya suna hira kowa ya yi tsit, wani ya yi tari aka juyo ana harararsa. Da ya kai wurin amshi sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, ba wanda ya ce su yi, ba allo ba takarda, kowa ya haddace. Ka san yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi in ya ajiye baiti, to ka ɗauka mutum dubu ne 'yan amshin, tsofaffi da matasa. Wani ƙaton dattijo a gefena, tun da muka zauna bai ce min uffan ba, sai ga shi ya dafa kafaɗata yana rerawa hawaye na bin kumatunsa, ko gogewa bai yi ba. Mutanen nan da a bas ko ido ba sa haɗawa da kai. A zagaye na uku ni ma na kama amshin ina bi, kalmomin dai Allah kaɗai ya san me nake faɗa. Mutanen ƙasar nan ta Ayilan ba sa wasa da waƙa, ka duba ko kwabon yuro nasu, abin kiɗa mai tsirkiya ne a bayansa, shi ne kuma a bangon fasfonsu.

Da muka fito muna jiran bas abokina ya nuna min wani mutum kwance a ƙofar shago cikin bargo, ya ce ai shi ma wannan yana cikin labarin. Kusan duk jajibirin Kirsimeti Hansard yana komawa wajen titin Grafton ɗin nan ya tara mawaƙa su yi waƙa a waje cikin sanyi ana tara wa ƙungiyar Simon kuɗi, masu kula da marasa matsuguni, wasu shekarun har Bono, shahararren mawaƙin ƙungiyar U2, na zuwa. A Disambar 2016 ma yana cikin waɗanda suka shiga wani ginin ofisoshi da ba kowa a ciki, Apollo House, suka mai da shi makwancin masu kwana a titi, har kotu ta ce su fita a watan Janairu. Ku da kuke can kuna ganin Turai ba mai kwana a waje, to a watan Nuwamban 2024 mutanen da gwamnati ke ajiyewa a masaukin gaggawa a ƙasar nan sun haura 15,000, cikinsu har da yara dubbai, ban da waɗanda ke cikin tanti. Ni kaina kuɗin hayar ɗaki ɗaya da nake biya in na juya maka shi zuwa naira sai ka ce ƙarya nake, shi ya sa in kun ga aike ya yi jinkiri ku dinga yi min uzuri.

Na ɗauki ɗan bidiyo zan tura maka in na samu intanet mai ƙarfi, amma kar ka sa rai da yawa, waya ta mai da muryar wata 'yar siririya kuma kan wani mai sanƙo ya tare rabin hoton. Ka nemi wasanninsa na kai tsaye a YouTube, ba na situdiyo ba, ka sa abin kunne, sannan ka faɗa min ra'ayinka tsakani da Allah, don na san ka da kushe.

Batun saƙo kuma, in wancan ɗan'uwan namu zai taso bayan salla a ba shi yaji da kuka da daddawa, a ɗaure daddawar sosai don Allah. Kilishi kar ma a fara, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ka gaida Hajiya da kyau ka ce ina mata addu'a, ka gaida uwargida da yara, da 'yan majalisa duka, har da mai shayi in yana nan.

Naka har kullum,
abokinka na Dublin