Murhun zango na farko: a fara duba makamashinsa da zaman tukunya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci kan tambayar da masu sha'awar kwana a daji ko hawan duwatsu suke yawan yi idan sun tashi haɗa kayan tafiyarsu ta farko, wato wane irin murhu ya dace su saya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura masu tallar waɗannan kaya sun fi zuzuta rashin nauyi da saurin tafasa ruwa, alhali ga sabon shiga babu ɗayansu da ya kai muhimmancin sanin makamashin da murhun yake ci da kuma yadda tukunya take zama a kansa.

Risho mai famfo, wanda yake cin kananzir ko fetur, tsohon hannu ne a wannan fage, domin tun a 1892 aka fara ƙera samfurinsa mai suna Primus a ƙasar Suwidin, kuma da irinsa mai binciken sassan duniya ɗan ƙasar Norway, Roald Amundsen, ya kai ƙurewar kudancin duniya a 1911. Ba ya gajiyawa a tsananin sanyi, amma sai an buga masa iska, an ɗumama kansa kafin ya kama da kyau, kuma idan aka yi gaggawa wuta takan tashi sama ta firgita mutum. Murhun sifirit kuwa ba shi da abin lalacewa, sai dai yana da jinkiri, kuma da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai, har mutum ya ƙara masa mai yana zaton ya mutu. A ganina, duka biyun a bar su sai hannu ya faɗa.

Wanda nake ba sabon shiga shawara a kai shi ne murhun gas, domin murɗawa ɗaya da ashana ɗaya sun isa, kuma ana iya rage wutar yadda ake so. To amma gas ɗin ma suna suka tara. Akwai nau'in da ake kira butan da wanda ake kira furofen. Butan zalla yana daina tashi idan sanyi ya kusanci sifili a ma'aunin Salsiyos, shi kuwa furofen yana ci gaba da aiki har wajen digiri 42 ƙasa da sifili, shi ya sa ake gauraya su a gwangwani ɗaya, kuma mai niyyar kwana a kan dutse ya kamata ya karanta jikin gwangwanin kafin ya biya. Ya kuma duba bakinsa. Akwai mai bakin murɗi, wanda ake yawan ganin lambar ƙa'idar Turai ta gwangwanin gas, wato EN 417, a jikinsa, ana cire shi a adana bayan girki. Akwai kuma wanda murhu yake hudawa, wanda ba a cirewa sai ya ƙare ƙarƙaf. Na farkon ya fi aminci, kuma akan same shi da nauyin giram 100, ko 230, ko 450. Kafin a sayi murhu, a tabbatar ana samun gwangwaninsa a inda za a je, tunda ba a yarda a shiga jirgin sama da shi ba.

Batun zaman tukunya shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙaramin murhun da ake ɗaurawa a kan gwangwani yana da sauƙin ɗauka, amma idan aka ɗora masa faffaɗar tukunya a ƙasar da ba ta daidaita ba, taɓawa kaɗan ce za ta kifar da tafasasshen ruwa a ƙafar mutum, a wurin da asibiti yake da nisa. Murhu mai gajerun ƙafafu, wanda tiyo ya haɗa shi da gwangwani a gefe, ya fi nauyi kaɗan, amma ya fi zama daram, kuma ana iya kewaye shi da makarin iska. Wanda yake bisa gwangwani kuwa ba a rufe shi ruf da makari, domin zafi zai taru a jikin gwangwanin har ya iya fashewa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kunna murhu a cikin tanti don gudun ruwan sama ko sanyi. Duk wutar da take ci a rufaffen wuri tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, ta kashe mutum yana barci, ga kuma yadin tanti da yake saurin kamawa da wuta. Babu murhun da ya kuɓuta daga wannan, komai tsadarsa.

Wanda ya sayi nasa, ya fara gwada shi a fili kafin ranar tafiya, ya duba zoben robar da ke bakin murhun, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa don ya ga ko gas yana zurara, sannan ya riƙe ashana a leda, domin maɓallin kunnawa da wasu murahun suke da shi yakan ƙi aiki idan ya jiƙe.

Naku,
Wani mai karatu