Ƙarin girman soja ba abin dariya ba ne a gidajenmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan ana aiki lafiya. Kan shirinku na daren Asabar na rubuto, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci, har yanzu bai gama hucewa ba.

Kun tara tsofaffin hafsoshi uku, kowa yana ba da labarin yadda ya ji an ƙara masa girma, mai gabatarwa yana ta ƙyaƙyata dariya. Wannan ya ce a wurin ɗaurin aure aka tare shi da barka bai san hawa ba bai san sauka ba, wancan ya ce a jarida ya ga sunansa, na ukun ya ce direbansa ne ya fara sara masa da sabon muƙami. Allah ya ƙara musu lafiya, sun yi wa ƙasa aiki, ban raina musu ba. Amma ko kurtu ɗaya ba ku kira ba. Babu kofur, babu saje, babu samanja, balle mu matansu. Sai da aka zo ƙarshe mai gabatarwa ya ce wai ai yanzu matan bariki su ne sigina, wato saƙon da hukumar soja ke aikowa a hukumance, su ke fara sanin komai, aka sake kwashewa da dariya. Ni ce matar da aka yi wa dariyar nan, Malam, kuma irina suna da yawa.

Maigidana yana bakin aiki a Zamfara lokacin da aka katse layukan waya a jihar, farkon Satumban 2021. Duk wanda yake da nasa a can ya san abin da muka gani: ba kira, ba saƙo, sai dai ka kasa kunne a rediyo ka ji an ce an yi arangama a daji kaza, ka kwana kana lissafi. Shekaru ya yi da igiya biyu a hannu, wato yana kofur. Ya je kwas ya ci, abokan shigarsa Dafo, makarantar horar da kurata a Zariya, wasu sun wuce shi, shi yana nan yana cewa komai lokaci ne. Ana cikin wannan hali wata safiya hoton takardar ƙarin girma ya faɗo cikin zauren WhatsApp na matan layinmu. Wani ne ya ɗauka a karkace, rabin sunayen sun dushe, an tura an tura har ya iso gare mu. Na buɗe, hannuna yana rawa, na bi layi layi. Sunan ban iya karanta shi sosai ba, lambarsa ta aiki na gane, domin babu matar sojan da ba ta haddace lambar mijinta ba.

Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma murnar ba ta da inda za ta sauka. Mai abin ba ya nan, ba na iya kiransa, ban ma san ko yana raye a wannan sa'ar ba. Maƙwabta suna shigowa da guɗa, ni kuma ina amsa barka ina kallon waya. Na ɗauki hoton na kai wa magajiya, shugabar matan bariki, ta ce in bi a hankali, takardar da ba ta fito ta hanyarta ba ba a yanka mata ko kaza. Gaskiyarta. Daga ƙarshe a 'yar takarda na rubuta masa, na naɗe na tura cikin ledar yaji da dambun nama, na ba direban da ke kai musu kayan abinci na roƙe shi don Allah ya danƙa masa hannu da hannu. Haka mijina ya ji ya zama saje. Kuma da ya karanta bai isa ya ɗinka igiya ta uku ba, sai sigina ya iso hannun ogansa. Ya ci gaba da fita sintiri da igiya biyu, maganar tana cikinsa shi kaɗai, yana tsoron ya faɗa ta zama ƙarya a yi masa dariya. Ranar da muka samu magana a waya, abin da ya ce da ni shi ne, "Ashe haka ake zama saje, a cikin ledar yaji?" Ba da wasa ya faɗa ba. Na san muryar mijina.

Da a ce mai gabatar da shirinku ya ji wannan labari, na san dariya zai yi, ya ce ga wata hanyar ban mamaki. Shi ya sa na rubuto.

Nawa ma mai sauƙi ne. A wannan takarda ɗin dai akwai sunan mijin maƙwabciyata, ƙofa biyu tsakaninmu. An kashe shi kafin takardar ta fito, tana cikin takaba. Mu na kusa mun gani mun yi shiru, muka haɗa baki kada kowa ya nuna mata. Amma hoton da ya shiga waya wa ya isa ya tsare shi? Wani abokin marigayin da ke aiki a kudu, bai ji rasuwar ba, ya kira lambarta da fara'arsa yana cewa ina ango, a ba shi ya yi masa barka, yaushe za a yi walima. Ina zaune a ɗakin. Ta saki wayar ta faɗi, sai da muka yayyafa mata ruwa. 'Yarta babba ta tambaye ni wai tunda an ƙara wa Baba girma ko zai dawo ya karɓa. Me zan ce wa yarinyar nan, Malam? Wannan baiwar Allah ba a taɓa kiranta an zaunar da ita an ce mata ga abin da mijinki ya samu kafin ya cika ba. A bakin baƙo ta ji, a waya, cikin kuskure. Ta bar bariki ta koma garinsu, kuma ina addu'a Allah ya sa ba ta saurari shirinku ba.

Akwai kuma wadda ta ga suna irin na mijinta sak, ba ta duba lamba ba, ta ci bashi ta sayi rago, ta kai kakinsa wurin tela a kasuwar mami ta bariki aka ɗinka igiya. Ashe wani ne daban a wata bataliya. Kunya ta hana ta fitowa ɗibar ruwa, mijin kuma ya sha tsiya a wurin abokai, har auren ya so ya girgiza. Ga 'yan damfara, su ma sun gane lokacin. Da an ji ƙishin-ƙishin takarda za ta fito sai ka ji kira, wai daga sama ne, sunan maigida yana ciki amma ana neman cire shi, a turo wani abu a gyara. Mace da mijinta ke daji ba ta da wanda za ta tambaya, sai ta tura kuɗin cefane. Duk wannan yana faruwa ne saboda labarin yana riga mai shi isa gida. Wanda yake ɗaukar hoton takardar nan a ofis ya watsa, ko wane ne shi, ya ji tsoron Allah.

Ni 'yar bariki ce tun haihuwa, ba jiya na fara ganin abin ba. Mahaifina yana cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka, da aka kai Laberiya bayan sun fara sauka Monrobiya a Agustan 1990. Babu wayar hannu a lokacin. Shi ma mahaifiyarmu ce ta fara jin an ba shi igiya, ta bakin matar wani akawu. Ba ta iya boko ba, sai ta sayi kaset ta sa mu a gaba, kowa ya gaishe shi, ita kuma ta faɗa masa a ƙarshe, aka ba wani da zai koma ya tafi da shi. Har ya rasu yana ajiye da kaset ɗin. Dattijon nan da ya bugo muku waya daga Gusau ya fara ba da labari irin wannan, ya ce shi ma ya yi Laberiya, muryarsa tana rawa, sai aka katse shi wai lokaci ya ƙure. Amma an samu lokacin maimaita labarin direba har sau biyu. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai a daren.

Baƙinku sun daɗe a kan manya. Sun kawo Yakubu Gowon, yadda ya zama shugaban ƙasa yana laftanar kanar a 1966, shekara ta zagayo ya zama manjo janar. Sun kawo Shehu Musa 'Yar'aduwa, da aka ɗaga daga laftanar kanar zuwa birgediya a Fabrairun 1976 bayan kisan Murtala. Sun yi maganar yadda ake jin naɗin manyan hafsoshin tsaro a sanarwar fadar shugaban ƙasa, kamar ta 26 ga Janairun 2021 da ta kawo marigayi Ibrahim Attahiru. Tarihi ne, na ƙaru, yarana ma sun ƙaru. To amma waɗannan ko ta ina suka ji, akwai ranar da za a tara jama'a a babban ɗaki, a kira matar mutum ta tsaya a gefensa ta taya liƙa masa anini a kafaɗa, a ɗauki hoto ya fito a talabijin. Duk ƙarshen shekara muna gani idan an ƙara wa janar-janar girma. Ban yi musu hassada ba, hakkinsu ne. Ina dai so ku san cewa matar kofur ita ma tana da hannun da za ta liƙa, kuma ita ma ta yi jira.

Abin mamaki, labarin da ya fi cancanta a faɗa a shirin babu wanda ya tuna da shi. Muhammad Abu Ali, wanda ya ja tankokin yaƙi aka ƙwato Baga a farkon 2015. Yana manjo aka yi masa ƙarin girma na musamman zuwa laftanar kanar, kuma ba a bar shi ya tsinta a waya ba. Babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Tukur Buratai, da kansa ya je Gamboru Ngala a Satumban 2015 ya liƙa masa a bakin daga, a gaban yaran da suke shiga wuta tare. Ku tambayi duk sojan da ya yi arewa maso gabas a shekarun nan, zai gaya muku yadda abin ya ɗaga musu zuciya. Abu Ali bai daɗe da muƙamin ba, an kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016, Allah ya jiƙansa. Amma ya sa abinsa a kafaɗa da ransa, ya ji daga bakin shugabansa, ido da ido. Ba na cewa babban hafsa ya bi kowane kurtu daji. Kowane soja ai yana da oga a kansa, kuma ogan nan yana da baki. A jera mutane ko su goma ne a gindin bishiya, a kira sunan mutum da lambarsa, a ce ka samu, abokansa su tafa masa. Ko sisi ba za a kashe ba. Mutumin da ya bar 'ya'yansa ya tafi inda ba a san dawowa ba, wannan kaɗan ne a cikin abin da ya ci a yi masa.

Mutanen gari suna ɗauka igiya ado ce a hannun riga. A gidan soja igiya ɗaya tana taɓa albashi, tana taɓa irin ɗakin da za a ba ka, tana taɓa abin da za ka tafi da shi ranar ritaya, da abin da za a ba marayu idan ta Allah ta kasance. Shi ya sa muke bin takarda dusasshiya da yatsa muna addu'a. Ba gulma ce ta sa muke riga kowa ji ba, kamar yadda aka nuna a shirinku. Da za a tambaye mu, mun fi so mazanmu su kira mu su ba mu albishir, mu mu yi guɗa, kamar yadda ake yi a kowane gida.

Roƙona shi ne ku sake shirin. Ku nemo dattijon nan na Gusau ku bar shi ya ƙarasa maganarsa. Ku kira tsohon saje ko samanja, suna nan birjik a kowane gari, wasu suna gadi, wasu suna layin fansho. Ku kira magajiya ko ɗaya, ku ɓoye sunanta idan tana tsoro. Kuma mai gabatarwa ya nemi afuwar matan sojoji a kan maganar sigina, a cikin shirin, yadda ya faɗe ta a cikin shirin.

Tunda na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallan maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri, na ƙarfin maza, don Allah ku duba shi. Ƙarfe takwas na dare yara ba su kwanta ba, muna zaune da su a tsakar gida, sai mutum ya ɓarke da bayani dalla-dalla, kalmomin da ko a gaban sa'arka ba ka iya maimaitawa. Kullum sai na yi wuf na rage murya, wani lokaci kafin in dawo da ita an wuce abin da nake son ji. Na san da talla kuke biyan ma'aikata, amma ku mai da shi bayan sha ɗaya, ko ku sa mai maganin ya gyara bakinsa.

Ina sauraron ranar da za ku karanta wannan wasiƙa, kuma don Allah a karanta ta duka, kada a tsallake maganar maƙwabciyata.

Taku mai sauraro,
Matar wani saje, daga Kaduna