Abin da ya hana wasan Pokémon tsufa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani wasa da manya da yawa suke ɗauka shirmen yara ne, wato Pokémon, wasan na'ura na kamawa da tara wasu ƙagaggun halittu, wanda ya fara fitowa a ƙasar Japan ranar 27 ga Fabrairu, 1996, kuma har yau kasuwarsa ba ta mutu ba. Na'urar hannun da aka fara yin sa a kanta, Game Boy ta kamfanin Nintendo, ta fito tun 1989, allonta ɗan ƙarami ne marar launi, kuma lokacin da wasan ya zo an riga an fara yi mata kallon tsohon yayi. Yaran da suka fara riƙe ta yanzu sun zama iyaye, 'ya'yansu kuma suna nan suna farautar halittun da aka fara da 151, yau sun haura dubu.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri na kamfanin Game Freak, an haife shi a 1965, ya kuma taso a Machida, gefen birnin Tokiyo, lokacin da wurin yake da gonaki da kududdufai. Yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari da tara su iri-iri, har birni ya zo ya cinye filayen nan aka shimfiɗa musu kwalta. Abin da ya so ya mayar wa yaran birni ke nan: daɗin shiga ciyawa ba ka san me za ka tarar ba, ka kama, ka yi kiwo, ka nuna wa abokai. Duk wanda ya taɓa bin fara a bayan gari, ko ya tono gyare, ko ya tsuguna gindin fitila yana tara shinge bayan ruwan farko, ya san wannan daɗin ba sai an fassara masa ba.

Amma a ganina kamun ba shi ne asirin daɗewar wasan ba. Tun farko kaset biyu aka fitar, ja da kore, kuma kowanne an hana shi wasu halittu da sai a ɗayan ake samu, sannan akwai wasu da ba sa rikiɗa su kai matakinsu na ƙarshe sai an yi musayarsu da wani. Musayar kuwa a wancan zamani ba ta yiwuwa sai yara biyu sun zauna kusa da juna sun haɗa na'urorinsu da 'yar waya. Ashe da gangan aka gina wasan yadda babu yaron da zai cika littafin halittunsa shi kaɗai, komai ƙwazonsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole ya nemi ɗan ajinsu ko maƙwabci, ya yi ciniki, ya koyi cewa abin da yake da shi da yawa yana iya zama abin da wani ya rasa. Yaro mai kunya ma ya samu dalilin buɗe baki. Wannan hali ne ya sake bayyana a Yulin 2016, da kamfanin Niantic ya fitar da Pokémon Go a wayar salula, inda aka ɗora halittun a kan taswirar gari ta gaske, mutane suka yi ta fitowa tituna da wuraren shaƙatawa suna haɗuwa da waɗanda ba su taɓa sani ba.

Ba zan ɓoye damuwata ba. Sha'awar tarawa da ke sa yaro neman aboki ita ce kuma ɗan kasuwa yake kamawa ya tatsi aljihun uba. Katunan Pokémon ana sayar da su ne a ƙunshe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage ledar, kuma wanda bai dace da katin da yake nema ba zuciyarsa za ta ce ya sake saye. A 2001 malaman Saudiyya sun haramta wasan, kuma kama da caca na cikin dalilan da suka bayar. A kan katunan dai ina ganin tsoron yana da tushe, kuma ya shafi wasannin waya da yawa da suka kwaikwayi wannan salo suna neman kuɗi kaɗan-kaɗan ba iyaka. Kaset ɗin da ake saye sau ɗaya a yi ta wasa da shi wata da watanni hukuncinsa daban ne a wurina.

Saboda haka nake kira ga iyaye 'yan'uwana, kafin su ƙwace na'ura ko su ƙyale yaro da ita dare da rana, su zauna ya nuna musu abin da ya tara, su tambaye shi da wa yake musaya, ko ya san mutumin ido da ido, kuma ko wasan yana neman kuɗi kafin ya ba shi sabuwar halitta.

Naka,
Wani uba mai karanta jaridarku