Wasiƙa Zuwa Ga Aboki: Kafin A Cire Tallafin Mai

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na ga tambayarka kan cire tallafin man fetur, wai gyara ne ko zalunci. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne me aka fara yi, me kuma aka bari sai daga baya.

Hujjar masu cirewa a fili take. Tallafin lita yake bi, ba mutum ba, don haka mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙasa shan romonsa. Binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) ya nuna a ƙasashe masu tasowa, kashi 20 cikin 100 mafi wadata suna kwashe kusan ninki shida na abin da kashi 20 mafi talauci ke samu. Sai dai ranar cirewa talaka ne ke fara ji a jikinsa, domin kuɗin sufuri na tashi nan take ya ja sauran kaya, shi kuwa ba shi da ajiya.

Dubi Iran a Disamban 2010. Kafin a taɓa farashi sai da aka yi wa magidanta rajista, aka buɗe musu asusun banki, aka zuba kuɗi a ciki, sannan aka kulle. Mutum yana ganin kuɗinsa amma ba halin cira sai ranar da sabon farashi ya fara aiki. Riyal na Iran 455,000 ne ga kowane mutum duk wata. Farashin fetur ya ninka huɗu, gari kuma ya kwana lafiya. Wannan ƙasar dai, a Nuwamban 2019, ta sanar da ƙarin farashi da tsakar dare, da alkawarin kuɗi za su biyo baya. Gari na wayewa zanga-zanga ta ɓarke a birane da dama, aka yi asarar rayuka. Ƙasar Ekwado ma ta cire nata tallafin kwatsam a Oktoban 2019, ba a yi mako biyu ba ta janye dokar.

Shirin 2010 ɗin ma ba a rasa shi da aibi ba. An biya kusan kowa, har kuɗin da ake rabawa suka zarce abin da ƙarin farashin ya kawo, sannan aka bar adadin yadda yake shekara da shekaru har hauhawar farashi ta cinye shi. Kamata ya yi tun farko doka ta ɗaure adadin da tsadar kaya, a riƙa sabunta shi duk shekara.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne rajistar waɗanda za a ba kuɗin. Talaka ba shi da takardar albashi, sai a koma auna shi da alamu: irin rufin gida, yawan ɗakuna, bakin da ake ciyarwa, abin hawa. Nan ake kuskure iri biyu, a saka wanda bai cancanta ba, ko a tsallake wanda ya cancanta. Jaridu na farkon suke yayatawa, alhali na biyun ne ke kwana da yunwa. Indonesiya ta haɗa tata cikin gaggawa a 2005, tana biyan rufiya 300,000 duk wata uku ta gidan waya, amma ƙorafin waɗanda aka bari ya sa adadin gidajen ya tashi daga wajen miliyan 15 zuwa 19. Brazil kuwa ta kafa tata tun 2001, kafin Bolsa Família na 2003, wato shirinta na ba iyalai matalauta kuɗi, kuma dole kowane gida ya sabunta bayanansa cikin wata 24.

Ko sunan mutum ya shiga, akwai sauran rina a kaba. Na'urar zanen yatsa kan ƙi karɓar hannun da aikin ƙarfi ya goge, kamar yadda aka gani a Indiya. Wakilin biya kan yanki nasa, nisan wuri ya cinye saura. Shi ya sa ake son hanyar tantancewa ta biyu, da ofishin ƙorafi mai wa'adin amsa.

Tunda ka ce ana ta muhawarar a inda kake, ka bincika mini abu biyu: yaushe aka sabunta rajistarsu, kuma kuɗin za su riga sabon farashi shiga asusu ko a'a. Ina jiran amsarka.

A gaida mutanen gida da yara. Wassalam.

Naka a kullum.