Zuwa ga Yayana a Garwa

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya Baba da kasuwa, ya kuke fama da zafi? Ni lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi. Sanyin Lil, nan Faransa, ya sake mu, yanzu sai bayan ƙarfe tara na dare rana take faɗuwa.

Ka duba wayarka, na turo Yuro 100 ta Orange Money, zai zo maka jaka 65 na sefa da ɗoriya. Jaka 30 na maganin hawan jinin Inna ne, ka je kanti da kanka ka sayo, kada ka aiki yara. Jaka 20 ka ba malamin da ke yi wa Auta darasin yamma, jarrabawarsa ta sakandare, Probatoire, ta matso. Sauran ka damƙa wa Baba a hannu. Na san bai kai abin da na saba ba, ga dalili.

Makarantar koyon kasuwanci da na nema a Bordo ta kira ni ganawa ta baka. Sun karɓi sakamakona na TAGE MAGE, wato jarrabawar shiga irin waɗannan makarantu, da na Turanci, saura wannan. Mutum biyu ko uku ne za su zauna, malami da wani daga ma'aikatan kamfanoni, su sa ni gaba wajen rabin awa. Da farko in gabatar da kaina, sannan tambayoyi: me ya sa wannan makarantar, ina nake ganin kaina nan da shekara biyar, mene ne rauni na, me na karanta a jarida a makon. Akwai kuma ganawa daban da Turanci. Kullum in na dawo aiki sai in kafa waya a kan taga ina ɗaukar kaina ina amsawa, in saurara, in gyara. Wata 'yar Chadi da ta shiga irin makarantar bara tana zuwa ran Lahadi ta zama alƙali, ba ta raga mini ko kaɗan. Ita ce ta ce in daina sunkuyar da kai. Ka san yadda aka rene mu, ba a kallon babba cikin ido, su kuwa a nan in ka kau da kai sai su ɗauka ba ka yarda da abin da kake faɗa ba. Wannan ya fi mini lissafi wuya.

To ga abin da nake roƙo, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar. In suka tambaye ni burina, albasar Baba zan kawo musu. Tun ina firamare nake ganin yadda take faɗuwa warwas lokacin cira, ta hau sama in damina ta yi nisa, mu kuma a tsakani muna zubar da ruɓaɓɓiya a bayan rumfa saboda babu wurin ajiya mai iska. Ina so in ce musu abin da na zo koya ke nan: yadda ake ajiye kaya, a kai su Yawunde da Duwala har Gabon ba tare da asara ta cinye riba ba. Amma ba za su karɓi labari kawai ba, lamba suke so. Don Allah ka zauna da Baba bayan isha'i, ka ɗauko littafin nan mai baƙin bango. Nawa yake sayen buhu a gona, nawa yake sayarwa a watan da ta fi tsada, a buhu 100 nawa ke lalacewa, nawa kuɗin mota zuwa Duwala, nawa la'adar dillali da 'yan dako, nawa ke tafiya a shingayen hanya. Ka ɗauki hoton shafukan ka turo ta WhatsApp kafin Juma'a. In ya ce sirrin kasuwa ne, ka ce masa ba sunansa zan faɗa ba.

Yaya, na ji abin da ake yaɗawa a unguwar Hausare, wai na cire ɗankwali don Turawa su ɗauke ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abinci ranar. Ƙarya ne. Dokarsu ta 2004 da ta hana sa ɗankwali a makaranta, 'yan firamare da sakandare na gwamnati ta shafa, ban da jami'a. Da ɗankwalina zan shiga, da doguwar riga baƙa da kwat da na saya a gwanjo. Ka gaya wa Goggo in tana da tambaya ta kira ni, lambata ba ta canza ba. Kuma kada wannan magana ta kai kunnen Inna da jikin nan nata.

Maganar kuɗin makarantar kada ta tayar wa Baba da hankali. Gaskiya ne irin waɗannan makarantu sun haura Yuro 10,000 a shekara, fiye da miliyan shida da rabi na sefa. Amma akwai tsarin da ɗalibi ke raba lokacinsa tsakanin aji da kamfani, a biya masa makaranta, a ba shi albashi kuma. Shi nake nema. Abin da zan biya da kaina kafin alƙalami ne in an ɗauke ni, ina tarawa. Takardar zama ta ɗalibi awa 964 kawai ta ba ni izinin aiki a shekara, shi ya sa tarin ke tafiya a hankali. Aikin gidan burodin ba wuya, fitar asuba ce kawai. Motar dare zan bi zuwa Bordo, ta fi jirgin ƙasa araha nesa ba kusa ba.

Har yau in na tuna shanun da Baba ya kai kasuwar Pitowa don tafiyata, sai barci ya gagare ni. Kada ya sake sayar da komai saboda ni, ko akuya. Ka faɗa masa haka da bakina.

A sa ni a addu'a, Inna ta yi sadakar ƙosai ranar in da hali. Maganinta dai ka fara saye kafin komai, kada a taɓa kuɗin da sunan gyaran babur. Hoton littafin kuma kafin Juma'a.

Ka gaida matarka da yara, da Kawu, da Malam.

Ƙanwarka.