Zuwa ga Babana, kan maganar ajiye aikin nan

Assalamu alaikum Babana. Da fatan kun wuni lafiya kai da iyalinka da 'yan jikokina. Na kira ka bayan isha'i har sau biyu sabis bai bari ba, kuma dama maganar ba ta waya bace, in na fara kai ma ka fara sai mu rabu ba wanda ya ji wani, shi yasa nace bari in zauna in rubuta ko da zai kai ni sha biyun dare, ka san hannuna da wayar nan sai a hankali.

Mahaifiyarka ta faɗa mani komai tun ranar Talata. Wato ita ka fara gaya ma wa don ka san zan yi faɗa. To na yi faɗan, ita ta sha shi a madadinka, har tuwon dare ban ci ba ranar. Shekara takwas kana bankin nan a Abuja, an fara ganinka da mutunci, ƙannenka biyu kai ke biya masu makaranta, sai kawai in ji wai zaka ajiye ka dawo Katsina ka kama shago ka riƙa tara yaran sakandare kana koya masu kwamfuta da lesin kana yi masu magana kan rayuwa. Ni da na yi shekara 35 ina shaƙar ƙurar alli, na yi ritaya na yi ta safa da marwa da fayil a hammata kafin a biya ni haƙƙina, wallahi abin da na roƙi Allah kenan kar ɗana ya riƙe alli.

Amma kwana ukun nan na yi tunani, na yi istihara kuma, ba zan hana ka ba. Wanda duk ya bi ta lungunan garin nan bayan magariba ya ga yaran da ke zaune a dakali, 'yan shekara sha biyar sha shida, ido jawur, ya san ba ƙarya kake ba. Tun 2018 gwamnati ta hana kodin amma mi ya canza, sun koma tiramol da sholisho da abubuwan da ni ban ma san sunansu ba. Ƙauraye ɗin nan, 'yan dabar da ake tsoro, ai ba daga sama suka faɗo ba, ɗiyan maƙwabta ne, wasu da hannuna na rubuta sunan iyayensu a rajista. Kuma koyarwa a garin nan ba abin kunya bace. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, dukkansu kuma aji suka fara shiga da alli kafin siyasa, sai a 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Marigayi shugaban ƙasa Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ma kemistiri ya koyar a Poli ɗinmu ta nan har 1983. Sai dai ka lura duk waɗannan daga aji suka fita suka hau sama, kai kuma daga sama zaka sauko aji, to ka shirya ma bakin mutane. Za a ce korarka aka yi, za a ce kuɗɗi suka ɓata a hannunka, gwaggonka ta riga ta ce asiri ne a nemo rubutu.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan dai ba wannan bane. Kalmar da mahaifiyarka ta ce kana ta maimaitawa ce ta tsaya mani a rai, wai zaburar da matasa. Babana yaro ba jaki bane da za a zabura sau ɗaya ya kama hanya.

Lokacin ina mataimakin firinsifal an taɓa kawo mana wani mai jawabi daga Kaduna, da janareta da lasifika da kwat ɗinshi, kuma gaskiya ya iya magana, yara har tsaye suka miƙe suna tafi, yana cewa kowa ya ɗaga hannu ya ce zan zama likita. Aka raba biskit da lemu aka ɗauki hoto ya shiga mota. Washegari wani yaro ɗan aji shida ya same ni a ofis yana ta murza hula, ya ce Malam shi fa yana son likitan amma ashe ajin da aka sa shi tun aji huɗu babu kemistiri babu fiziks, yanzu ya zai yi da fom ɗin JAMB. Shekara uku yaron nan yana zaune a ajin da ba nashi ba, ba wanda ya tambaye shi mi yake so, har da ni. Mai kwat ya tada mashi hankali ya tafi, ni aka bari da hawayen. To in irin wannan aikin zaka dawo yi, na makirufo da hoton Facebook, ka yi zamanka a banki ka riƙa zuwa duk ƙarshen wata kana yi, ba sai ka ajiye komai ba.

In kuwa da gaske kake, to aikin zama ne, kuma babu tafi a ciki. Bari in baka labarin da ban taɓa ba ka ba don kunyarshi nake ji. Wajen 1994 ina wata makaranta a ƙauye, akwai yaron da kullum sai ya yi barci a darasina na farko, kan benci na baya jikin taga. Na yi mashi magana, na sa shi kamun kunne, ranar nan raina ya ɓaci na fito da shi gaban aji na zuba mashi bulala shida na ce ɗan malalata, yara suka yi ta dariya. Bai yi kuka ba, ya dube ni kawai ya koma ya zauna. Bayan sati biyu na je sayen burodi da asuba, ban saba fita lokacin ba, sai ga shi ya fito daga gidan burodin ba riga, fulawa har gira, hannunshi duk tabon ƙunar tanda. Ashe tun ƙarfe biyun dare yake aiki, ubanshi ya rasu, shi ke ciyar da uwa da ƙanne huɗu, daga tanda yake wanke fuska ya sa yunifom ya taho. Ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma na rasa inda zan sa idona, burodin ma ban saya ba. Daga ranar na mai da shi bencin gaba, na ce in barci ya zo ya fita ya wanke ido ba sai ya nemi izini ba, bayan la'asar kuma ya riƙa zuwa gida muna maimaita lissafi a zaure, kai kana rarrafe lokacin. Shekara biyu muna haka. Bai zama likita ba bai zama gwamna ba, NCE ya yi, yanzu hedimasta ne, kuma shi ne mutumin da kake gani duk sallah yana kawo mana zabi biyu, kana tambaya wane ne ana ce maka ɗalibin Baba ne. Cikin dubban da suka wuce ta hannuna irinshi ba su fi in ƙirga da yatsu ba. Kai ma in ka samu ashirin ka riƙe su da kyau, ka san gidajensu, ka san wanda ke zuwa bai karya ba, ya fi ka tara ɗari biyar a holi.

Sai sharuɗɗana, kuma ba shawara bace wannan.

Ba zaka miƙa takardar ajiye aiki ba sai ka gwada. Ka ɗauki hutunka na shekara ya dace da dogon hutun yara, ka zo ka yi wata guda cur, zauren gidan nan na ba ka kyauta, benci huɗu na nan a sito. In ka yi sati huɗu da yaran da zasu zo yau gobe su ɓace, su sace maka caja, su yi maka ƙarya ido cikin ido, ranar talatin kuma ka tashi kana marmarin ganinsu, sai mu yi maganar takarda.

Na biyu ɗiyar mutane da ke gidanka. Ita ba ta yi alkawarin gyara matasan Katsina ba, aure ta yi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata lissafin gaskiya ba na daɗin baki ba, nawa ke shigowa yanzu nawa zai riƙa shigowa, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san yadda kwanon shinkafa ya koma, mafi ƙarancin albashi ma da aka kai naira 70,000 a 2024 wa ya isa. Ina son in ga abincin shekara da kuɗɗin makarantar yara a ajiye gefe kafin ka motsa. Kuma na ji kana lissafi da kashi 25 ɗin nan na fansho da ake bari mutum ya cira in ya yi wata huɗu ba aiki, ka cire idonka daga kai, wannan na ranar da gwiwa ta ƙi ne, tambaye ni. Maganar ƙannenka kuma kar ta dame ka sosai, gonar Batagarawa in ta kama a bada haya sai a bada.

Na uku ka nemi takardar koyarwa. Digirinka na akanta ba ya sa ka zama malami, ka yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ko ta cibiyar horar da malamai ta NTI ce, ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wurin kuma ka yi mashi rajista yadda doka ta ce. Ba don takardar kawai ba, iya abu daban iya koyar da shi daban, na ga masu digiri biyu da aji ya gagare su minti goma.

Kafin ka buɗe ƙofa ka je ka gaida mai unguwa da liman, zan raka ka, kuma duk yaron da zai zo sai ka ga ubanshi ko wanda ke riƙonshi. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kwana, iyaye ba sa sakin jiki da kowa kuma suna da gaskiya. 'Yan mata kuwa in zaka ɗauka to sai da malama mace a wurin, ƙofa a buɗe, kuma su tashi kafin magariba, ba ruwanka da lambar wayar ɗiyar kowa. Magana ɗaya za a yi a majalisa ta rushe maka aikin shekara goma. Hotunan yara ma bana son in gansu a intanet ana neman tallafi da su, talaucin mutum ba talla bane. Wanda kuma ka ga shaye-shaye ya riga ya ci ƙarfinshi kar ka ce kai zaka warkar da shi da nasiha, a kai shi asibiti, kai ba likita bane.

Hannuna ya gaji. Akwai tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, littattafan shirin darasina ne tun na 1980 da wani abu, gara ta ci wasu amma na lissafi suna nan, na sa ƙanenka ya fito da su ya shanya. Ka shigo Juma'ar nan mu zauna da kai da kawunka bayan masallaci. Ka biyo ta Kano, kuma ka fito da wuri bana son tafiyar dare. Mahaifiyarka ta ce ka taho mata da maganin ƙafarta irin na wancan karon, na nan bai yi mata ba. Ka shafa mani kan yaran.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka