A daina goge tsohon zanen fentin mai da jiƙaƙƙen tsumma

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja hankalin 'yan'uwanmu masu aikin gida da masu sana'ar firam a nan Saudiyya, domin ana kashe tsofaffin zane da sunan tsafta, kuma abin yana damunmu ƙwarai.

Mu ɗauki aikin Domingos Sequeira, ɗan ƙasar Fotugal da aka haifa a 1768, ya rasu a birnin Rum a 1837. An naɗa shi mai zanen fadar sarkin Fotugal a 1802. A 1813 ya zana yaron da daga baya ya samu sarautar Conde de Farrobo a Fotugal, zanen yana gidan tarihi a Lisbon har yau, ya haura shekara 200. Kulawa ce ta kai shi haka.

Zanen wancan zamani hawa-hawa ne. Yadin lilin a ƙasa, a shafa masa danƙon fatar dabba, a bi da farin shafe na alli ko farar dalma, sannan fentin da aka kwaɓa da mai, daga sama a rufe da banish na ƙaron itace. Matsalar tana wurin danƙon nan. Yana shan laima ya kumbura, iska ta bushe ya tsuke, shi kuwa fentin da ya tsufa ya riga ya ƙandare, ba ya iya bin sa. Sai ya tsattsage, ya fara ɓamɓarewa. In aka sa jiƙaƙƙen tsumma, ruwa ya bi tsagar ya isa ga danƙon, banish ya yi fari fat kamar hazo, wani lokaci fatar kumatun mutumin da ke cikin zanen ta biyo tsumman.

A Jidda laima ta yi yawa, a Riyad bushewa, amma wanda ya fi ɓarna shi ne a kunna na'urar sanyaya ɗaki da dare a kashe da safe. Abin da ake so, laima ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, zafi wajen digiri 20, ba hawa da sauka. Kada a rataye zane a saitin iskar na'urar, ko inda rana ke dukansa. Turaren wuta ma, duk da ƙaunarmu da shi, hayaƙinsa yana manne wa banish ya dusashe fuska.

Ƙura dai buroshi mai taushi ya ishe ta, a busasshe, daga sama zuwa ƙasa. A toshe bayan firam da kwali mai kauri. In an ga fenti ya ɗaga, ko buroshin kada a sa, a kwantar da zanen fuskarsa sama, a nemi ƙwararren mai gyara.

Naku,
Wasu masu sana'ar firam, Jidda.